Wahalar haihuwa a shanun nama masu ninkin tsoka: daga ɗan maraƙi matsalar take, ko daga uwa?

Mai Garken Nama ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwo da malamanmu likitocin dabbobi. Ina kiwon shanun nama, yawancinsu ruwa-biyu ne masu jinin Charolais da Limousin, kuma ina da karsanu da za su kai lokacin barbara nan da 'yan watanni. An ba ni shawarar in yi musu allurar maniyyin bijimin Belgian Blue, saboda maruƙansa suna fitowa da cinyoyi cike da nama da ɗan kitse kaɗan, irin wanda mahauta ke nema. Abin da ya sa na tsaya ban yanke shawara ba shi ne, a haihuwar da ta wuce na rasa ɗan maraƙi namiji wanda kansa da kafaɗunsa suka fito amma ƙugunsa ya maƙale a cikin uwar, muka yi ta ja har ya mutu a hannunmu, ita kuma saniyar ta kwana biyu ba ta iya miƙewa ba.

Ina so in fahimci ainihin abin da ke jawo wannan wahala a shanu masu yawan tsoka: girman ɗan ne kawai, ko akwai wani abu a jikin uwar? Wasu sun ce mini in rage wa saniya abinci a watanni biyun ƙarshe domin ɗan ya fito ƙarami, shin wannan gaskiya ne? Sannan ta yaya mutum zai gane cewa lokacin daina ja ya yi, lokacin kiran likita ya zo? Na gode.

Likitan Dabbobi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Amsar tambayarka ta farko ita ce matsalar daga ɓangarorin biyu take, kuma abu ɗaya ne ke haifar da ita a duka ɓangarorin.

A jikin dabba akwai wani sinadari da ake kira mayostatin, wanda aikinsa shi ne ya tsayar da yawaitar zaren tsoka idan ta kai inda ya kamata. An gano shi a 1997 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, inda Se-Jin Lee da Alexandra McPherron suka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon da ke samar da shi suna tara tsoka fiye da ƙima. A cikin wannan shekarar ce kuma masu bincike a Jami'ar Liège ta Beljiyam suka tabbatar cewa shanun Belgian Blue sun rasa haruffa 11 daga cikin jerin haruffan sinadari da suka haɗa wannan ƙwayar gado, abin da ya sa sinadarin ba ya aiki ko kaɗan a jikinsu. Shanun Piedmontese na Italiya ma haka suke, sai dai nasu lahanin yana wani wuri dabam a cikin ƙwayar. Abin lura shi ne yawan zaren tsokar ana tsara shi ne tun ɗan yana ciki, saboda haka ɗan maraƙin da ya gaji wannan hali daga uwa da uba yana zuwa bakin mafita ne da kafaɗu masu kauri da ƙugu mai faɗi. Ko da nauyinsa bai wuce na wani maraƙin da kilo da yawa ba, sifarsa ta fi wuyar wucewa, domin ƙofar da zai bi ƙashi ce, ba ta miƙewa.

A ɓangaren uwa kuma, saniya mai ninkin tsoka, wato mai wannan hali na tara tsoka fiye da ƙima, ƙasusuwanta sun fi sirantaka idan aka gwada da nauyinta, kuma ramin ƙashin ƙugunta ya fi matsewa. Wato zaɓen da aka yi shekara da shekaru domin ƙara nama ya girmama abin da zai fita, ya kuma rage hanyar fitarsa. Shi ya sa a garkunan Belgian Blue tsantsa a Beljiyam mafi yawan haihuwa, kusan tara cikin goma ko fiye, ta hanyar tiyata ake yin ta, kuma ba a ma jira saniya ta gwada da kanta.

Game da karsanunka, shawarata kai tsaye ita ce kada ka sa musu wannan bijimin a cikinsu na fari. Karsanar da za ta haihu tana da shekara biyu ba ta gama girma ba, ƙashin ƙugunta yana ci gaba da buɗewa har bayan haka, kuma rashin daidaito tsakanin girman ɗa da faɗin ƙugu shi ne babban dalilin doguwar naƙuda a haihuwar fari a kowane irin shanu, balle a waɗannan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce karsana ta kai kusan kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyin da za ta yi in ta manyanta kafin a yi mata barbara, ta kuma kai kusan kashi 85 a ranar haihuwa.

Maganar rage abinci kuwa, ina roƙonka ka bar ta. Jikin saniya yana fifita ɗan da ke ciki a kan kanta, don haka idan ka matse ta a watannin ƙarshe, ita ce za ta rame, nauyin ɗan kuma kaɗan zai ragu. Sakamakon shi ne uwa marar ƙarfin yunƙuri, dakashi kaɗan kuma marar inganci, ɗa mai kasala, da jinkirin sake ɗaukar ciki. Abin da ke da gaskiya a cikin maganar tasu shi ne saniyar da ta yi ƙiba fiye da kima tana tara kitse a cikin hanyar haihuwa, wanda ke ƙara matse ta. Amma gyaran ƙiba a tsakiyar ciki ake yin sa a hankali, ba a makonnin ƙarshe ba.

Dattijon Makiyayi ya amsa:

Likita ya yi bayanin asali, ni zan tsaya a kan tambayarka ta ƙarshe, ɗana, domin a nan ne ake asarar rai.

Da farko ka san lokaci. Saniya takan yi awanni tana kai da komo, tana ɗaga wutsiya, tana ware kanta daga garke, wannan duk buɗewar bakin mahaifa ne, ba a taɓa ta. Amma daga lokacin da faya ta fashe ta fara yunƙuri na gaske, ya kamata ka riƙa ganin ci gaba. Idan ta yi rabin awa tana nishi da ƙarfi babu abin da ya motsa, ko awa guda ta wuce da fashewar faya ba ka ga kofato ba, to ka wanke hannunka da gabanta da kyau, ka shafa mai santsi da yawa, ka duba. Ka tabbatar ƙafafu biyu da kai na ɗa ɗaya ne, ka kuma tabbatar ƙafafun gaba ne, domin wanda ya zo da baya tafin kofatonsa sama yake kallo.

Akwai alamun da ke gaya maka tun da wuri cewa ɗan ya fi ƙarfin hanyar. Idan ƙafafun gaba sun gicciye juna a cikin hanyar, ko tafin kofatan sun juyo suna kallon juna, kafaɗu ne suke matsuwa a bakin ƙashin ƙugu. Idan ka ja ƙafafu kai ya ƙi shigowa tare da su, ko babu wurin da hannunka zai ratsa tsakanin goshin ɗan da ƙashin uwar ta sama, shi ma haka ne. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne wannan: ka ɗaura igiya a saman gaɓar da ke bisa kofato, ka sake zarga ta a ƙasan gaɓar domin kada ƙashi ya karye, sannan mutum ɗaya ya ja ƙafa ɗaya a lokacin da saniyar ke yunƙuri, har gaɓar ta fito waje da kamar faɗin tafin hannu. A riƙe ta a nan, a ja ta biyun. Idan duka biyun sun fito haka, kafaɗu sun shige. Idan ta biyun ta ƙi, ka tsaya nan take, ka kira likita, ɗan yana da rai uwar kuma ba ta yage ba.

Kada ƙarfin da za a sa ya wuce na mutum biyu, kuma a ja ne tare da yunƙurinta, a sassauta in ta huta. Injin jan maraƙi yana da amfani a hannun wanda ya san shi, amma ƙarfinsa ya ninka na saniya sau da yawa, kuma shi ne ke karya haƙarƙarin ɗa yana murƙushe jijiyoyin uwa. Jan ɗa da mota ko tarakta kuwa zalunci ne, babu wani uzuri a kansa.

Abin da ya same ka, wato maƙalewar ƙugu, shi ne ainihin ciwon waɗannan shanu, domin a yawancin shanu in kafaɗu sun wuce sauran jiki yana biyo baya, amma ɗa mai ninkin tsoka bayansa na iya fin gabansa kauri. Ramin ƙashin ƙugun saniya ya fi tsawo daga sama zuwa ƙasa a kan faɗinsa, shi kuma ƙugun ɗan ya fi faɗi daga gefe zuwa gefe. Saboda haka da zarar kai da kafaɗu sun fito, tun kafin ƙugu ya shiga, sai a murɗa ɗan ya kwanta a kaikaice, domin mafi faɗinsa ya dace da mafi tsawon ramin. In ƙirji ya fito, a dakata, a share masa hanci ya ja numfashi, sannan a ci gaba ana karkata jan zuwa wajen ƙafafun uwar. Wanda ya zo da baya kuwa babu wannan hutun, domin da ƙugunsa ya fito cibiya ta matsu, kansa kuma yana ciki.

Malama Mai Nazarin Irin Shanu ta amsa:

Baba ya ba da ilimin da ba a samu sai a turke, Allah ya ƙara lafiya. Ni akwai wani abu a cikin tambayar Malam da nake ganin ya fi kowane haɗari, kuma ba a taɓo shi ba tukuna.

Ana yawan cewa bijimin Belgian Blue ba ya ba da wahala sosai idan aka haɗa shi da wani iri, kuma akwai gaskiya a ciki. A Turai ana amfani da maniyyinsa sosai a kan manyan shanun madara irin Holstein, yawancinsu kuma suna haihuwa da kansu, saboda ɗan kwafi ɗaya kawai ya gada na lalatacciyar ƙwayar mayostatin, wato na wajen uba, bai samu na biyu daga uwa ba, uwar kuma mai faɗin ƙugu ce da ta saba haihuwa. Amma shanun Malam ba Holstein ba ne. A cikin Charolais akwai wani lahani na wannan ƙwayar da ake kira Q204X, wanda shi ma yake kashe aikin mayostatin gaba ɗaya, har ma lahanin Belgian Blue ɗin kansa, wanda ake rubutawa nt821, ana samun sa jefi-jefi a wasu irin kamar Limousin da Angus da South Devon. Saniya na iya ɗauke da kwafi ɗaya ba tare da idonka ya gane ba. Idan aka haɗa ta da bijimi mai kwafi biyu, rabin 'ya'yanta za su zo da ninkin tsoka cikakke, ko da lahanin uwa da na uba ba iri ɗaya ba ne. Idan uwa da uba kowa kwafi ɗaya yake da shi, ɗaya cikin huɗu ne. Ba zan yi mamaki ba idan maraƙin da ya maƙale ta wannan hanyar ya zo.

Ba duka sauye-sauyen wannan ƙwayar ne suke da illa iri ɗaya ba. Wanda ya fi yawa a Limousin, F94L, yana ƙara tsoka ba tare da ya kashe sinadarin ba, kuma ba a san shi da jawo wahalar haihuwa kamar sauran ba. Don haka gwaji ne zai raba gardama. Ana ɗaukar gashin wutsiya da saiwarsa ko ɗan guntun fatar kunne a aika ɗakin gwaji, sakamakon kuma sau ɗaya ake nemansa a rayuwar dabba.

Sai batun zaɓen bijimi, wanda a ganina a nan ake yanke hukuncin yadda haihuwa za ta kasance, watanni tara kafin ranar, tun ran gini ran zane. Ƙungiyoyin masu kiwon kowane iri suna fitar da ƙiyasin gadon bijimai, ciki har da sauƙin haihuwa, nauyin ɗa a ranar haihuwa, da tsawon kwanakin ciki. Matsakaicin cikin saniya kusan kwana 283 ne, amma Charolais da Limousin da Blonde d'Aquitaine sukan wuce haka, kuma a ƙarshen ciki ɗan yana ƙara nauyi kowace rana, maza kuma sun fi mata nauyi da daɗewa a ciki. A duba kuma ko ƙiyasin ya dogara ne a kan 'ya'ya masu yawa, domin na ƙaramin bijimin da ba a ga 'ya'yansa ba yana iya sauyawa sosai. Akwai kuma tarko guda: ƙiyasin sauƙin haihuwa iri biyu ne, ɗaya na yadda 'ya'yan bijimin ke fitowa, ɗaya na yadda 'ya'yansa mata za su haihu in sun girma. Wanda ya bi na farkon kawai shekara bayan shekara, yana kuma ajiye 'yan matan a garke, zai iya wayar gari da ƙananan shanu masu matsattsen ƙugu.

Mai Kula da Garken Tsantsa ya amsa:

Da izinin malamai, ina so in faɗi wani abu a madadin masu kiwon waɗannan shanu tsantsa, domin na yi aiki da su, kuma ana yawan yi mana kallon marasa tausayi. Tiyatar da aka shirya tun kafin naƙuda ta yi nisa ba ɗaya take da wadda ake yi bayan an sha ja an gaji ba. Muna auna zafin jikin saniya safe da yamma idan kwanakinta sun kusa, domin yakan sauka kaɗan, kamar rabin digiri, a cikin yinin da za ta haihu. Da bakin mahaifa ya fara buɗewa likita zai zo, saniyar tana tsaye, a yi mata allurar kashe zafi a kwiɓin hagu inda tumbi ke tare hanji, a fitar da ɗan lafiya lau bai sha matsa ba. Na ga irin waɗannan shanu suna cin abinci ba da daɗewa ba bayan an ɗinke su. Idan aka gwada da karsanar da aka ja ɗanta har ta gurgunce, ni ban ga wanda zai ce tiyatar ce ta fi muni ba.

Likitan Dabbobi ya sake amsawa:

Ɗan'uwa, rabin maganarka na yarda da ita ƙwarai: tiyatar da aka yi da wuri ta fi jan ƙarfi alheri ga uwa da ɗa, kuma da masu kiwo za su riƙa kiranmu a lokacin da Baba ya ambata, da asara ta ragu matuƙa. Inda muka rabu shi ne mayar da ita hanyar haihuwa ta kullum. Yanka ciki yanka ne, akwai zafi na kwanaki bayan allurar ta sake, akwai haɗarin ruɓewar rauni da kumburin cikin ciki, kuma kowace tiyata tana barin mannewar mahaifa da abin da ke kewaye da ita, wadda ke sa ta gaba ta fi wuya, ɗaukar ciki kuma ya ragu. Shi ya sa irin waɗannan shanu ba sa daɗewa a garke. Abin da ya fi damuna shi ne, idan kowace saniya ana yanka ta, babu mai sanin wadda za ta iya haihuwa da kanta, sai matsattsen ƙugu ya ci gaba da bin jini ba tare da an tace shi ba.

Wannan muhawara ta kai har kotu. Suwidin ta hana kiwo da irin da ke ɗauke da wannan hali, amma a 1998 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ƙasa ba za ta hana amfani da maniyyin bijimin da wata ƙasar tarayyar ta riga ta amince da shi ba. Hanyar da nake ganin ta fi amfani ita ce wadda masu kiwo a Holan suka kama, ta auna ramin ƙugun shanu da na'ura ana zaɓen masu faɗi, da wadda aka bi a Birtaniya, inda masu British Blue, wato Belgian Blue ɗin da ake kiwo a can, suka daɗe suna fifita shanun da ke haihuwa da kansu. Faɗin ƙugu abu ne da ake gada sosai, saboda haka zaɓe yana tasiri a kansa.

Mai Garken Nama ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yanke cewa karsanun za su samu bijimi mai tabbataccen sauƙin haihuwa, manyan shanun kuma sai na gwada jininsu kafin in sa wa kowace Belgian Blue. Tambaya ɗaya ta rage, Likita: idan an sha wahala amma ɗan ya fito da rai, me ya kamata in fara yi masa da uwar?

Likitan Dabbobi ya amsa:

Kada ka rataye shi kai ƙasa kamar yadda wasu ke yi, domin kayan ciki suna danne huhu, su kuma waɗannan maruƙa huhunsu da zuciyarsu ƙanana ne idan aka gwada da jikinsu. Ka kwantar da shi a kan ƙirjinsa ƙafafu a lanƙwashe, ka share baki da hanci, ka sa tsinken ciyawa mai tsabta a hancinsa ya yi atishawa, ka goge jikinsa da ƙarfi, ka tsoma cibiyar a aidin. Ɗan da ya sha matsa yakan fito da kumburarren kai da harshe, wasu masu ninkin tsoka ma da babban harshe ake haifarsu, don haka kada ka ɗauka ya sha nono don ka gan shi a gindin uwa. Ka tatsi dakashi ka ba shi a cikin awa biyun farko, ya samu kamar kashi goma cikin ɗari na nauyinsa a awannin farko na rayuwarsa, da bututun ciki idan ba ya tsotsa, domin hanjinsa yana daina karɓar garkuwar da ke cikin dakashi bayan kamar awa 24. Idan ya kasa taka ƙafar baya guda, ko numfashinsa yana fita da ƙyar, a duba jijiyar cinya da haƙarƙari.

Ita kuma uwar, ka sake sa hannu mai tsabta ka tabbatar babu ɗa na biyu, babu yagewa, babu zubar jini mai yawa, ka ba ta ruwa, ka nemi likita ya ba ta maganin zafi da kumburi. Idan mabiyiya ba ta faɗi ba bayan awa 12 zuwa 24, kada ka ja ta da hannu, ka riƙa auna zafin jikinta kana lura da cin abincinta. Idan ta kasa tashi, a fara tabbatar ba ƙarancin sinadarin kalsiyam ba ne ko karaya, sannan a kwantar da ita a shimfiɗa mai taushi inda ba santsi, a riƙa juya ta daga gefe zuwa gefe duk bayan 'yan awanni, domin nauyinta kaɗai yana iya kashe tsokar ƙafar da ta danne. Ka kuma rubuta sunan bijimin da lambar saniyar da yadda haihuwar ta kasance, saboda da wannan rubutun za ka san wadda za ka ajiye 'yarta a garke da wadda za ka sayar.